An Rubuta Wat 100 a Kwali Amma Kiran Salla Bai Wuce Gida Biyu Ba: Yadda Ake Gano Abin da Ke Cinye Ƙarfin Amfilifaya

'Yan uwa na Sabon Ibadan, Agege, Shagamu, Lokpanta, Fatakwal da sauran wuraren da neman abinci ya kai mu. Daga unguwar Jambutu a Jimeta nake rubuto wannan. Na san da wuya a samu zango ko kara a Kudu da ba shi da ɗan masallacinsa da lasifika a kan rufi, kuma da yawa daga amfilifayoyin da ke cikinsu haɗin hannu ne, wani yaro mai sha'awar lantarki ya sayo kaya ya harhaɗa. Ni ma na yi irin wannan haɗin, na sha kunya, daga baya na gano bakin zaren. Abin da na koya shi ne zan baje muku, ko wani zai tsira da kuɗinsa da mutuncinsa.

Saura kwana goma a kama azumin 2025, wanda ya faɗo a watan Maris, tsohuwar amfilifayar masallacin layinmu ta ƙone. Kuɗin da jama'a suka tara bai kai na sabuwa ba. Ni kuma da na ɗan zauna a shagon wani mai gyaran rediyo bayan na gama sakandare, sai na ce a bar mini, zan haɗa da rabin kuɗin. Ɗan baffana da ke bin motar shanu zuwa Legas ya biya ta kasuwar Alaba ya sayo mini bod guda mai ɗauke da aisi TPA3116D2, an rubuta wat 100 a jikin kwalinsa. Ya haɗo da ƙullin kayan ƙaramin bod na makirfo, wanda kai za ka jera kayan ka like da dalma da kanka. Na kwana biyu ina haɗi, na jona da batirin solar masallaci, ladan ya kira azahar. Mutanen gida na uku ba su ma san an yi kira ba.

Ladan ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai gara in hau katanga in kira da bakina."

Abin da na fara yi shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi. Na yanke hukunci cewa aisin jabu ne, na cire kuɗin aljihuna na sayi wani bod ɗin a nan Jimeta. Na ɗaura, murya tana nan yadda take. Da na kai kuka wurin tsohon maigidana, tambaya ɗaya ya yi mini: "Me ka auna?" Na yi shiru, don ban auna komai ba. Ya ce in je in ɗauko multimita, in bi wutar tun daga batir har zuwa bakin lasifika, kada in sake canza ko da rizista ɗaya sai na ga lambar da ta nuna ita ce mai laifi.

Lissafin da ya kamata ka sani kafin ka taɓa komai

Amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Wutar da ka ba ta take juyawa ta koma sauti, kuma abu biyu ne ke yanke yawan abin da za ta fitar: bolt nawa ka ba ta, da om nawa ne lasifikar da ka ɗora mata. Ƙa'idar ita ce ka ɗauki bolt ɗin da ke fita zuwa lasifika, ka ninka shi da kansa, ka raba da om. Abin da ya fito shi ne wat.

Irin wannan bod ɗin, mafi yawan abin da zai iya turawa ba tare da murya ta fashe ba shi ne kusan kashi 7 cikin 10 na wutar da ka ba shi. Idan batir mai bolt 12 ne, kana da 8.5. Ninka 8.5 da 8.5, ka samu 72. Raba da om 8, wat 9 ke nan. Idan lasifikar om 16 ce, wat 4.5. Ka ga ko kusa da 100 ba mu je ba. Amma in ka ba shi bolt 24, abin da ke fita ya zama 17, ninki ya zama 289, a kan om 8 kuma wat 36. Wato ninka wuta sau biyu yana ninka ƙarfi sau huɗu.

To ina wat 100 ɗin kwali? Kamfanin Texas Instruments da ke ƙera aisin ya bayyana sharaɗin a takardarsa: sai an ba shi bolt 24, an haɗe bakunansa biyu sun zama ɗaya, sannan an ɗora masa om 2. Lambar gaskiya ce a wancan yanayin, amma masallacinmu ba a wancan yanayin yake ba. Kamar a ce maka tirela tana ɗaukar shanu kaza ne, ba a gaya maka irin shanun da irin hanyar ba.

Mataki na farko: wutar da take ci

Ka ɗora multimita a kan ƙafafun da wuta ke shiga bod ɗin, ba a kan batir ba, kuma ka auna lokacin da ake magana da ƙarfi a makirfo. Batirin da ya cika yana nuna 12.6 ko 12.7 in yana hutawa, wanda ya kai rabi yana nuna kusan 12.1. Tsohon batir kan nuna lamba mai kyau in ba a jan komai, da an ja sai ya zube. Shi ya sa awo ba tare da sauti ba ba ya gaya maka gaskiya.

Ni laifina na farko a nan yake: bolt 12 kawai na ba bod ɗin da ke son 24. Na so in jera batir biyu baki da gindi in samu 24, maigidana ya hana. Dalili, aisin an yi shi ne ya yi aiki tsakanin bolt 4.5 zuwa 26, batir biyu kuwa in sola tana caja su da rana suna haura 28. Wasu bod ɗin ma kafasitocin da ke kansu bolt 25 aka rubuta musu, sai su kumbura ko su fashe. Abin da muka yi shi ne sa ɗan bod mai ɗaga wuta daga 12, muka murɗa shi ya tsaya a 24 daidai.

Akwai wani abu da bai bayyana ba sai bayan na gyara sauran. Da amfilifayar ta fara jan wuta da gaske, sai murya ta riƙa yankewa duk lokacin da ladan ya ɗaga sauti. Ashe wayar da na ja daga batir siririya ce, mai kaurin 0.5, tsawon mita 8. Zuwa da dawowa mita 16 ke nan, wanda ya haura rabin om. In aka ja amfiya 4, fiye da bolt 2 sun mutu a hanya. Na matso da amfilifayar kusa da batir, na sa waya mai kaurin 2.5, na sa fiyus a bakin batir, yankewa ta tsaya.

Mataki na biyu: kayan da ka ɗora mata

A nan babban ɓarawon ya ɓuya. Lasifikar masallaci mai bakin kakaki, kan da ake ɗaura mata a baya yawanci om 16 ne, za ka ga an buga a jikinsa. Muna da guda biyu a rufi. Na cire wayarsu daga amfilifaya na auna, multimita ta nuna 26 da ɗoriya. Kan lasifika mai om 16 yakan nuna 11 zuwa 13 a multimita, don haka wannan lambar tana nufin an jera su ne bi da bi, wuta ta ratsa ta farko sannan ta shiga ta biyu. A haka om ɗinsu taruwa yake yi ya zama 32. Wanda ya yi wancan haɗin tun da daɗewa yana da dalilinsa a kan tsohuwar na'ura, ni kuwa ban hau rufi na duba ba.

Yi lissafi: 72 a raba da 32, wat 2 da kwata. Abin da nake ba lasifika biyu ke nan su raba, ko da komai na bod ɗin lafiya lau yake.

Gyaran shi ne a haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi. Biyu masu om 16 su zama 8, huɗu su zama 4. Kada ka sauka ƙasa da 4 a baki ɗaya, za ta yi zafi ta kashe kanta. Ka kuma kula kada ka juya wayar ɗaya, domin in lasifika biyu suna kallon gefe guda, ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye muryar juna.

Abu biyu kuma za ka duba a rufin. Wasu lasifikun suna da ɗan transifoma a bayansu, an yi su ne don layin bolt 100 na manyan amfilifayoyin taro. In an sa shi a kan wat 30, om ɗinsa 333 ne. Ka ba shi bolt 17 daga ƙaramin bod, ko wat ɗaya ba za ka samu ba. Irin wannan sai a tsallake transifomar a jona kan lasifikar kai tsaye. Na biyu, tsawon waya. Siririyar waya mai 0.5 ta mita 25 tana ƙara om 1.7, a kan om 8 kuwa wannan yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin. Da mai kaurin 1.5 asarar kaɗan ce. In za ka sayi waya, kankare silin da wuƙa ka gani. Idan cikinsa fari ne, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ya fi na gaske cin wuta. Ku da ke Legas da Fatakwal ku ƙara da duba tsatsa a mahaɗa, danshin can ba ya barin waya a buɗe, a kankare a ɗaure a naɗe da tef.

Mataki na uku: abin da ke shiga

Ko ka ba ta wuta ta ƙoshi, amfilifaya ninka abin da aka ba ta kawai take yi. Yawancin irin wannan bod ɗin an saita su su ninka kamar sau 20, wasu sun fi haka. Don ka samu bolt 17 a waje, sai ka shigar da kusan 0.85. Makirfo kuwa abin da yake bayarwa ɗan mitsitsi ne, kashi biyu ko uku cikin dubu na bolt ɗaya. Aikin ƙaramin bod ɗin da na like da hannuna shi ne ya cike wannan tazarar.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Cire makirfo da ƙaramin bod, ka jona wayar salula kai tsaye a babban bod, ka kunna karatu. In murya ta fito da ƙarfi, matsalar tana gaba, wajen makirfo. Haka tawa ta yi. Na bi rizistocin ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar inda takarda ta ce 100k na sa 10k. Bambancinsu zobe ɗaya ne: ta 100k zobenta na uku rawaya ne, ta 10k ruwan lemo. Da fitilar waya na yi aikin da daddare, ido ya yaudare ni. Wannan rizistar ita ke yanke yawan ninkin, maimakon sau 100 sai ya koma sau 10. Tun daga ranar ba na like rizista sai na auna ta.

Ka kuma duba likin dalmarka da rana tsaka. Mai kyau yana sheƙi ya kwanta ya rungumi ƙafar, marar kyau yana dunƙulewa kamar ƙwallo ya yi toka-toka. Duba kafasitoci masu doguwar ƙafa da gajera ko ka juya ɗaya, duba aisi ko gefen da ke da tsaga yana kallon inda aka zana.

Yadda za ka auna wat ɗinka na gaskiya

Kunne ba ma'auni ba ne. Sayi rizista goma masu om 82, wat 5 kowacce, ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Ka samu om 8.2 mai ɗaukar wat 50, ka jona a madadin lasifika. Sauke manhajar da ke fitar da sauti ɗaya miƙaƙƙe a waya, ka sa ta a 50, ka juya multimita zuwa awon wutar AC, ka ɗora a kan rizistocin, ka riƙa ƙara sauti har lamba ta kusa daina hawa. Kada ka yi wannan gwajin da lasifikar kakaki a jone, sauti mai kauri irin wannan yana yaga fatar cikinta. Kada kuma ka haɗa ko ɗaya daga wayoyin fita da jikin akwatin ƙarfe ko baƙin batir, a irin wannan bod ɗin dukansu biyu masu wuta ne. Awon ƙaramar multimita ƙiyasi ne, amma ya isa ya nuna maka ko wat 3 kake da shi ko 30.

Bayan gyara tawa ta nuna bolt 15. Ninka, raba da 8, wat 28. Daga 2 da kwata zuwa 28, da bod ɗin farko wanda na zarga da jabu. Na biyun yana nan a cikin akwati, shaidar gaggawata.

Idan kuma murya tana farawa da kyau sai ta ɗauke bayan ɗan lokaci ta dawo, zafi ne. Aisin yana kashe kansa in cikinsa ya kai digiri 150. A Yola watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kwano. Huda akwatin, sa ƙaramar fanka, ka tabbatar ƙarfen shan zafi ya manne da aisin sosai.

Masu amfilifayar rediyo

Wasu matasa sha'awarsu ta wuce lasifika, suna odar kayan amfilifayar rediyo irin ta masu sadarwar sha'awa, waɗanda ke magana da juna ƙasa da ƙasa a gajeren zango. Ciwon iri ɗaya ne, tsarin bincike ma ɗaya: wuta, kaya, sannan abin da ke shiga. Yawancin masu rahusar suna amfani da transista IRF510 ko 'yan uwanta, wadda asali don kunna wuta da kashewa aka yi ta. Lambar da ake tallatawa sau da yawa ta bolt 24 ko 28 ce, a kan 13.8 ba za ka gan ta ba, kuma ƙarfinta yana raguwa in ka hau daga megahaz 7 zuwa 21 ko 28.

A rediyo eriya ce a matsayin lasifika, kuma om 50 ake so. Ana fara gwaji da rizistar om 50 marar naɗi a madadin eriya. In ƙarfi ya fito a nan amma ya faɗi a kan eriya, to eriyar ce ba ta daidaita ba, tana maido da wuta baya, ma'aunin SWR zai nuna. In tun a kan rizistar babu ƙarfi, wuraren da aka fi samun laifi su ne zobban da ake naɗa wa waya da hannu. Duk ratsawa ɗaya ta tsakiyar zobe naɗi ɗaya ne, mutane kan ƙara ɗaya ko su rage. Wayar kuma tana da fenti, in ba a kankare bakinta ba dalma za ta hau amma wuta ba za ta wuce ba. Sai matatar da ke bakin fita, in ta zangon megahaz 7 ce ka tura mata 14, ita za ta shanye. Sai 'yar wutar da transista ke ja tana zaune, wadda ake saitawa da ɗan mamurɗi gwargwadon abin da takardar kayan ta faɗa. A ƙarshe, ƙaramin ma'aunin wat ba ya iya bin murya, zai nuna ƙasa da gaskiya, sai da sauti miƙaƙƙe ake aunawa.

Amma a sani, wannan fagen da lasisi ake shigarsa. A Najeriya, alamar kiran 'yan ƙasar nan tana farawa da 5N, kuma akwai ƙungiyarsu mai suna NARS. Watsa shiri ga jama'a kuwa hurumin hukumar NBC ne, wadda aka kafa a 1992. Masu haɗa 'yar tashar FM a ɗaki su ƙara mata amfilifaya su lura: zangon FM yana ƙarewa a megahaz 108, daga nan zuwa 137 na jiragen sama ne. Haɗin da ba shi da matata mai kyau yana fantsama har can. Mu nan Jambutu filin jirgin Yola yana kusa da mu, ku na Agege kuma na Ikeja yana bayan gidanku. Wannan ba abin wasa ba ne.

Kada neman ƙarfi ya zama fitina

Ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan kunne ke ji. Sai ka ninka kamar sau goma kafin mutum ya ce murya ta ninku. Don haka in kana da wat 25 ko 30 masu tsabta, ɗaga lasifika sama da juya bakinta inda jama'arka suke ya fi sayen bod mai wat 300. Ku da ke zaune cikin maƙwabta waɗanda ba addininku ɗaya ba kun fi ni sanin muhimmancin wannan. A Legas hukumar LASEPA ta sa iyakar ƙara a unguwannin zama, desibel 55 da rana, 45 da dare, kuma ta sha rufe wuraren ibada a kan haka. A sa makunni daban ga lasifikar waje, a buɗe ta lokacin kiran salla, karatu da tafsiri kuma a bar su a ta cikin masallaci.

Tamu ta fara aiki saura kwana biyu azumi. Ladan ya kira asuba, da aka idar wani dattijo daga can ƙarshen layi ya ce ya ji har cikin ɗakinsa. Mahaifina da labarin bod na biyu ya kai masa, cewa ya yi, "Kai da ka tashi a kara, ka taɓa ganin an yi wa sa allura ba a duba abin da yake ci ba?" Ban da amsa.

In taka ta yi rauni, rubuta lambobi huɗu a takarda kafin ka je kasuwa: bolt a bakin bod ana magana, om na lasifika daga ƙarshen waya, yadda murya take in ka jona wayar salula kai tsaye, da bolt ɗin da ke fita a kan rizistar gwaji. Ko ba kai za ka gyara ba, mai gyaran da ka kai wa waɗannan lambobin ba zai sa ka sayi abin da ba ka buƙata ba. Allah Ya ba mu sa'a, Ya tsare mu a inda muke nema.